Agogon Kaka Mai Lokacin Makka

"Rufe idonka! To, gaya min launin mayafin da ni sa yau."

Mubashshir ya runtse ido, gumi na tsattsafo masa. "Kore, hasken raina..."

Shuɗi ne.

Sa'adiya ta kwance agogon hannunta ta dangwara masa a tafi, hawaye taf da idonta. "Ungo! Tunda shi kake so, ɗauki abinka ka koma garinku Isa!"

Agogon nan kuwa shi ya haɗa su. Tsohon agogo ne ƙirar Siko na maza, irin wanda motsin hannu ke ba shi rai, kakanta ya zo da shi daga aikin Hajji. Tun daga nan yake kan lokacin Makka, gaba da namu da awa biyu, kuma tsohon ya bar wasiyya kada a taɓa. Ranar da ta sa hotonsa a zauren waya na masu tara tsofaffin agoguna, Mubashshir ya hau babur daga Isa har Sabon Birni, wai ganin agogo. Daga ganin agogo sai zance ya zarce.

Sai dai ya fara da ɓarna. Zuwan farko, don neman suna, ya mayar da agogon lokacin gida. Malam Na'Allah, mahaifinta, har rawaninsa ya karkace don fushi.

"Yaron da ad da agogo cike da akwati, amma kullum shina makara, shi za shi gyara lokacin mahaifina? Ba ni ba shi ɗiyata!"

Ita kuma Lailatu, 'yar baffanta, da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Mubashshir, ta samu wurin zuba gishiri. "Wallahi ba ke yake so ba. In anka ɗaura ma jaki agogon ga, jakin za shi bi."

Maganar nan ce ta ci Sa'adiya har ta kai ga abin da ya faru yau.

Mako guda ba kira, ba saƙo. Ta rame, ta riƙa duba hannunta babu komai, kuma a ranta ta san ba agogon take kewa ba.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga sallama. Ta fito zaure ta tarar da shi durƙushe gaban Malam, ya fi ta ramewa, agogon na ƙunshe a tsumma.

Ta karɓa ta kara a kunne. Shiru.

"Ka kashe shi!"

"Ban kashe shi ba, ban dai ɗaura shi ba. Tun ina yaro nike mafarkin irinsa, Sa'adiya, amma da ni kai shi gida ko kallonsa ban iya ba. Ashe hannun nike so." Ya runtse ido. "Kuma yau mayafinki ruwan ƙwai ne. Da idona rufe za ni faɗa."

Lailatu da ke laɓe ta ja tsaki ta yi ciki.

Malam ya kama hannun yaron ya leƙa agogonsa, ya ƙara leƙawa. "Kai, naka ma ya lalace?"

"A'a Baba, lokacin Makka na. Duk na akwatin na maishe su haka."

Malam ya juya kai, wai kada a ga murmushinsa.

Sa'adiya ta ɗaura agogon ta girgiza hannu, ya ce ƙit-ƙit-ƙit, ita ma zuciyarta ta amsa.

Ranar ɗaurin aure an sa ƙarfe goma. Ango da mutanen Isa suka dira Sabon Birni ko shara ba a gama ba, amarya na wanke lalle. Malam ya fito da buta a hannu, ya dubi jama'a, ya dubi rana.

"To," in ji shi, "a shimfiɗa tabarmi. A Makka goma ta yi."