Shafuka Uku a Cikin Gwangwani

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. To, ta zo ku ji ta, amma fa ba ta dariya ba ce.

A shekarun da ake ginin dam ɗin Bakolori, ran wata Juma'a da hantsi, aka zo caji ofis na Talata Mafara aka ce ga gawa can a magudanar ruwa ta siminti, hanyar Bakura. Sufeto Hamidu ya hau babur ya je. Malam Ja'afaru ne, mai rubuta wa manoma takardun koke a bakin kasuwa. Akwai rauni a ƙeyarsa.

Kafin azahar har an kamo Gajere, wani manomin Maradun da ruwan dam ya cinye gonarsa. Ran kasuwa kowa ya ji shi yana zagin mamacin, wai koken da ya rubuta masa bai tsinana komai ba. Manya suka ce ran Litinin a tura shi kotu Sakkwato. In kuwa aka tura shi, igiya ce.

"Ina kake jiya da la'asar?" in ji Sufeto.

"Ina gida, ranka shi daɗe."

"Matarka ta ce ba ka gida."

Gajere ya sunkuyar da kai. "Bakin ruwa na tahi. Kushewar babana na nan ƙarƙashi. An hana mu zuwa, shi ya sa na ɓoye."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

Hankalin Sufeto bai kwanta ba. Ya tafi gidan mamacin yin gaisuwa. Bayan ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, matar, Nafisatu, ta turo masa wata adaka ta bayan labule. Cike take da littattafan Turanci na kisa da bincike, waɗanda Malam yake sayowa daga Gusau yana bai wa ma'aikatan dam aro. Ba su damu da sunayensu ba, da hoton bango suke kiransu. A sama akwai littafin rubutu, inda kowa ke sa ra'ayinsa in ya gama.

Sufeto ya karanta. "Mai jar mota: surutu ya yi yawa, amma na kasa ajewa har tuwona ya ƙone. Taibatu ungozoma." Ƙasa da shi: "Mai hoton makulli: tun shafi na goma na gane mugun. A daina raina mana wayo. Jibirin akawu." Sunan Jibirin ɗin nan ya fi na kowa yawa, kuma kullum shi ne gwani. Shafin ƙarshe da aka yi rubutu kuwa an yage shi.

"Wannan gwangwanin madarar fa?"

"Wutsiyoyi ne, yallaɓai," ta ce. "Malam, Allah shi jiƙan shi, duk littahin da ya sawo sai ya cire shahi uku na ƙarshe ya sa nan. Ba ka ganinsu sai ka maido, ka hwaɗi wanda kake zargi. Sannan ka karanta gabanai, ya maida abinai."

"Akwai sabo?"

"Ɗaya, mai hoton agogo. Ran Talata ya zo, ran nan Jibirin ya ɗauka."

Sufeto ya duba. Wutsiyar mai agogo tana cikin gwangwani, littafin ba ya cikin adaka. Ya zauna nan zaure ya karance shafuka ukun.

Asabar da safe ya sami Jibirin a ofishin da yake akawun rabon gonaki. Mutum ne tsaf-tsaf, biro uku a aljihu.

"Yaushe rabonka da Malam Ja'afaru?"

"Tun Talata, yallaɓai. Ga ma littafinsa nan, ban samu na mayar ba."

Sufeto ya ɗauka yana jujjuyawa kamar mai sha'awa. "Ni ma ina taɓa karatun nan. An ce wannan ya fi duka."

"Wa ya ce?" Jibirin ya gyara zama. "Farkon dai ba laifi. Amma a ce wai direba ne ya yi kisan, mutumin da sau biyu kacal aka ambata? Wannan ai ha'inci ne! Ni da na rantse matar likitan ce."

"Direba ne ashe?"

"Shi ne mana."

"A ina ka karanta?"

Sufeto ya juya littafin ya nuna masa inda aka cire shafuka.

"Ƙarshen yana cikin gwangwani, Malam akawu. Ba mai ganinsa sai a gaban mai shi. Ran Alhamis ka je, ka rubuta ra'ayinka, daga baya ka yage shafin, ka ɗauke littafin. Me ya haɗa ku?"

Jibirin ya ce, "Takarda na manta a ciki, da ita nake alamar inda na tsaya. Ta gonar da aka ware wa Gajere ce. Na goge sunansa na sa na ƙanena. Malam ya gani, ya ce sai ya kai ƙara, shi da aka zaga a kasuwa saboda ita. Na bi shi ina roƙo har bakin magudana. Ya juya mini baya, ga dutse a gabana."

Wani kofur ya sa masa ankwa, aka fita da shi ta gaban manoman da ke layi a rana.

Jibirin ya mutu a kurkuku a Sakkwato. Nafisatu ta gama takaba ta koma gidansu a Kaya. An yi wa Sufeto Hamidu canji zuwa Gusau. Gajere kuwa an sake shi ran Litinin, amma takardar gonar ta zama shaidar kotu, shekara biyu tana cikin fayil. Kafin ta fito ya kwashe iyalinsa sun yi kudu neman abinci, kuma ba wanda ya sake jin labarinsa.