Yatsu Huɗu a Kan Gilashi

Injin niƙan ya sake yin nishi ya tsaya, da rana tsaka kuwa, ana zafin da ko kaza ta nemi inuwa. Auta ta danna maɓalli, ta sake dannawa, ta fita ta dubi sama, ta dawo ta taɓa wayoyi... shiru! Ga mata jere a bakin ƙofa da kwanukan masara, tun hantsi suke jira.

"Ke Auta, yau ma ranar taku ba ta karya ba ne?" in ji wata. "Roƙe ta mana ta sauko ta niƙa da kanta!" Aka kwashe da dariya, suka ɗauki kwanukansu suka nufi ƙauyen gaba. Auta ta jingina da bango, hawaye suna sharar hanya a cikin garin da ya rufe mata fuska.

Shekara ashirin mahaifinta yana shaƙar hayaƙin injin dizal a wannan ɗaki, har tari ya kwantar da shi. Daf da rasuwarsa ya riƙe hannunta ya ce, "Ki fitar da hayaƙin nan, kada ya cinye ki yadda ya cinye ni." Uwa kuwa tun tana goye ta rasa ta. Sai ta sayar da tsohon injin da tumakinta uku, aka kafa faifan sola takwas a kan rufi, aka kawo injin lantarki. Wata biyu ana niƙa ba hayaƙi ba tari.

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba: Baffa, ƙanen mahaifinta. Shi ke riƙe da duron dizal a da, rabi ya shiga inji, rabi ya bi kwalabe yana sayarwa a ɓoye. Bel ɗin tsohon injin ya taɓa cire masa yatsa guda na hannun dama, kuma ba ya gajiya da ɗaga hannun yana cewa da jininsa aka gina gidan niƙan. Da duro ya bushe, zuciyarsa ta bushe tare da shi. Ran nan ya ga Auta a kan tsani tana goge faifan, ya daka mata tsawa. "Sauko! Ina raye 'yar ɗan'uwana za ta karye? Daga yau ni zan riƙa wankewa." Ya ɗauke tsanin ya kulle a ɗakinsa. Baiwar Allah har godiya ta yi masa! Kullum da safe ita ke miƙa masa bokitin ruwa. Tun daga lokacin inji ya fara ciwo.

Kaka, wadda gidan ke hannunta, da kunne take mulki, kunnen kuma Baffa ya cika shi. Da la'asar ta sa aka kira Auta.

"Kin sayar da ƙarfen ɗana kin sayo mana madubi! Gidan da ya ci da mu shekara ashirin kin kashe shi a wata uku."

"Kaka, wallahi wasiyyar Baba ce..."

"Rufe min baki!" Baffa ya ɗauke ta da mari. "Har matacce za ki yi wa ƙarya? Kullum ni ke hawa ina wanke tarkacen nan, kowa shaida ne. Abin banza ne kawai."

Kaka ta yanke hukunci: jibi mai saye zai zo ya kwance faifan, a dawo da injin dizal a hannun Baffa, ita kuma ta tattara ta koma dangin uwarta da ba ta ko san ƙofarsu ba.

Kwana biyun nan Auta ba ta zauna ba. Ta taka zuwa gari neman wanda ya kafa faifan, aka ce ya yi tafiya. Ta je aron tsani wurin kafinta, ya ce Baffa ya gargaɗe shi. Ta zaga ɗakin niƙa ta gaba ta baya tana ɗage, ba ta ganin komai sai gefen ƙarfe. Ta ɗaure kayanta, ta kwance, ta sake ɗaurewa... "Ya Allah, Kai ka ga abin da ban gani ba. Idan ni ce na kashe sana'ar ubana, Ka yafe min. Idan ba ni ba ce, Ka bayyana!"

Mai saye ya yi sammako, ya iso Baffa ko fuska bai wanke ba. Ya ce shi ba ya taya kaya daga ƙasa, a kawo tsani. Baffa ya shiga kame-kame, wai a bari ya fara hawa ya share. "Bar shi, Malam, yadda yake nake son gani," in ji mai saye. Ya hau. Can sai ga muryarsa daga sama: "Wai wa ke wanke waɗannan?"

"Ɗana ne, kullum," in ji Kaka da alfahari.

Mutumin ya kwance faifai guda ya sauko da shi, ya jingina a gabanta. Subhanallahi! Gilashin ya yi baƙi ƙirin, an shafe shi da baƙin man inji, ƙura ta bi ta manne, rana ta gasa. A kusurwa, inda mai shafawa ke dafawa, ga sawun tafin hannu raɗau. Kaka ta matso ta ƙirga da bakinta. Ɗaya, biyu, uku, huɗu... Ta kamo hannun Baffa na dama yana fizgewa, ta manna a kai. Ya zauna cif!

"Inna, ki saurare ni..."

"Kada ka sake kira na Inna a gaban marainiyar nan!"

Mai saye ya nemi sabulu da tsumma, ya wanke faifan tas ya mayar, ya bi sauran bakwai ɗin ya wanke. Kafin azahar Auta ta danna maɓalli, inji ya ɗauka, gari ya zubo fari sol. Kaka ta rushe da kuka ta rungume ta. "Na cuce ki, 'yar nan... na cuci ɗana a kabarinsa." Ta karɓe mabuɗin gidan niƙan daga wuyan Baffa, ta ce ƙafarsa ta haramta a ɗakin niƙa, ta sa shi ya gangara da duronsa waje a gaban matan da suka dawo da kwanukansu. "Baffa, a sayar mana da kwalba ɗaya mana!" in ji mai tsokanar nan. Ya ci gaba da tura duronsa. Wanda ya ci amanar maraya, wannan kaɗan ma ya gani.

Washegari da safe Auta ta ɗauki bokiti ta nufi tsani. Sai ga Kaka ta dogaro sanda, ta jefar da ita, ta kama ƙafar tsanin da hannu biyu.

"Hau," ta ce. "Ina riƙe."