Mukullin Gwaggo Hindatu

"Ina mukullin?"

Hamma ne ya tambaya, ogan tawagar, yana zaune a kan babur a gindin tsamiya a hanyar Toranke. Ranar Juma'a ce, rana ta take tsaka. Badaru ya zaro mukullin daga aljihu, sabo fil yana sheƙi.

"Ba wanda ya gan ka?"

"Ba kowa, oga."

"Tsohuwar fa?"

"Tana Kano wajen biki. Oga, mun yi alƙawari fa, ba za a taɓa kowa ba. Gwaggona ce, ita ta raine ni."

Hamma ya yi dariya ya shafa ƙarfen da ke ƙugunsa. "Kai dalla, kuɗin gyaɗa muka zo ɗauka, ba gwaggo ba. Ana tayar da salla za mu shiga. Mudassir, kai ne a kan babur."

Ƙarya Badaru ya yi, kuma tun jiya take cin sa. Da safiyar Alhamis ya je gaida gwaggon tasa, Hajiya Hindatu, a Ajingi, ya zare mukullin ɗakin ajiyarta daga jaka, ya sheƙa Gaya don a yanko masa irinsa. Kafin azahar ya mayar da shi, wai hularsa ya manta. Amma a Gaya, da shagunan duniya suka ƙare, sai ya faɗa na Kawu Datti mai yankan mukulli.

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Datti aiki ya san halinsa. Tsoho ne mai surutun tsiya, shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma ba ya manta haƙoran mukullin da ya taɓa bi ta hannunsa. Yana ɗaga wannan sama ya washe baki.

"A'a! Na Hajiya Hindatu ta Ajingi! Ni na sa mata kwaɗon nan bara. Kai ɗanta ne?"

Badaru ya gyaɗa kai. "Eh, Kawu. Ita ta aiko ni."

Ya biya ya fita da sauri. Bai gaya wa Hamma ba, don ya san Hamma.

Akwai kuma wani halin na Kawu da Badaru bai sani ba. Tsohon ba ya yanka mukulli ya bar shi haka nan. Washegari sai ya kira mai shi ya ji ko ya buɗe, har mutane na yi masa tsiya cewa ribarsa a katin waya take ƙarewa. Da hantsin Juma'ar nan, Hajiya na tasha za ta hau motar Kano, wayarta ta yi ƙara.

"Hajiya, Datti ne. Yaya sabon mukullin? Ya buɗe kuwa?"

"Wane mukulli?"

"Wanda kika aiko ɗanki jiya mana. Dogon nan mai tabo a goshi."

Ta tuna hular da aka manta.

"Ban gwada ba tukuna, Kawu."

"To, zan sake kira bayan la'asar."

Ba ta hau motar ba. Ofishin 'yan sanda ta nufa tana share hawaye. "Ku kama shi kawai," ta ce wa sufeton da ta tarar. "Ku tsorata shi ya dawo hanya. Don Allah kada ku taɓa min shi."

Liman na kabbara Hamma da Badaru suka dira gidan ta katangar baya. Unguwar tsit, ko akuya ba ta motsi. Badaru ya zura mukullin a kwaɗon ɗakin ajiyar. Kawu ya iya aiki, ko gardama kwaɗon bai yi ba.

Hamma ya hankaɗa ƙofar.

"Kada wanda ya motsa!"

Bindigogin 'yan sanda ta bayan rumbu, bindigogi ta zaure! A waje babur ya yi ƙara, Mudassir ya fece abinsa ya bar su.

Hamma ya juyo, idanunsa jawur. "Ka sayar da ni, ɗan iska!"

"Wallahi oga ban—"

Tau! Tau! Hamma ya ɗirka masa harsashi.

'Yan sanda suka buɗe wuta. Hamma ya kife a bakin ƙofa, bai ƙara shurawa ba. Badaru ya zame a jikin bango, hannu dafe da ciki. Sai ga Gwaggo ta fito daga gidan maƙwabta a guje, ba mayafi, ta ture sufeton ta ɗora kansa a cinyarta.

"Na ce kada ku taɓa shi!"

"Ba mu ba ne, Hajiya," in ji sufeton.

"Gwaggo," Badaru ya ce da ƙyar, "na ɗauka kina Kano..."

Bai kai asibiti ba. Mudassir kuwa a garin Balan aka tare shi, mai ya ƙare masa.

Bayan la'asar tana zaune a tsakar gida, jinin bai gama bushewa a zanenta ba, mata sun kewaye ta. Wayar ta yi ƙara. Ta daɗe tana kallonta kafin ta ɗauka.

"Hajiya, Datti ne. Kin gwada kuwa?"

Ta dubi ƙofar ɗakin, mukullin na nan a jikin kwaɗo.

"Ya buɗe, Kawu," ta ce.

"Alhamdu lillahi! Ki gaida min yaron."