Ta Cire Hannunta

Auta ce ta fasa masa gilashi ranar da suka fara haɗuwa.

Ma'aikaciya ce a wata gidauniya mai ba masu bincike tallafi, musamman waɗanda ke neman hanyar gaggauta samar da magani. Aikinta ta zagaya ɗakunan bincike, ta gani da idonta ko abin da masu nema suka faɗa gaskiya ne. Shi kuwa ɗaya ne daga masu neman tallafin, saurayi dogo, farar rigar aikinsa ta gajarce masa a hannu. Abin da ya ƙera ɗan gilashi ne da bai fi babban yatsa ba, da ƙwayoyin hantar mutum a raye a ciki. A ɗiga sabon magani, kafin wata ya ƙare an san ko zai cutar da hanta, ba sai an yi shekaru ana gwaji ba.

Ya miƙa mata ta gani. Ta kalle shi maimakon ta kalli hannunta. Gilashi ya tarwatse a ƙasa.

"Wayyo, na kashe maka aiki!"

"Na daɗe ina ciyar da ƙwayoyin nan," in ji shi, yana tsugunne yana sharewa. "Amma alƙaliya ba ta laifi."

Da ta koma ofis ta tura masa saƙo: "Ka yi haƙuri da ɓarnar da na yi."

Ya amsa: "Na yafe, Alƙaliyata. 'Yan'uwan mamatan suna gaishe ki, sun ce ki riƙa tsayawa daga nesa."

Ta yi dariya ita kaɗai, sannan dariyar ta tsaya. Gidauniya tana da doka: babu hira ta gefe tsakanin jami'i da mai nema har kwamiti ya yanke hukunci. In aka kama, a yi watsi da takardarsa, ita ma aikinta ya girgiza.

Ta rubuta: "Kada ka sake rubuto min. Doka ce."

Ya ce: "To."

Wannan "To" ɗin ta fi kowane saƙo shan kallo a wayarta. Duk ziyarar aiki takan same shi ya goge mata kujera kafin ta iso. Su yi maganar zafin na'ura da ruwan da ƙwayoyi ke sha. Ta goye hannuwanta a baya. Ya raka ta iyakar bakin ƙofa, ba ya ƙara taku. A mota sai ta tuna abubuwan da ba ta faɗa ba, ta yi ta faɗa wa gilashin taga.

A gida kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, ta kafa mata ƙahon zuƙa kan ta auri wani mai kantin magani.

"Yaro mai abin hannunsa! Shi maganin ma sayar da shi yake, ba nemansa yake ba."

Baba, tsohon direban babbar mota, ba mai yawan magana ba ne. Ya kira ta.

"Auta, akwai wani ne?"

"Akwai, Baba."

"Me ya ce miki?"

"Bai ce komai ba."

"To babu kenan."

Hanya ɗaya ta rage: ta cire hannunta daga takardarsa. Amma doka ta ce sai ta faɗi dalili a gaban shugabar ofis, mace mai tabarau da kaifin baki. Auta ta yi kwanaki tana kaiwa bakin ƙofar tana juyowa. Ran nan dai ta daure ta shiga.

"Me ke tsakaninku?" in ji shugabar.

"Babu komai tukuna."

"Ya ce yana son ki?"

"A'a."

"To ni me zan rubuta, 'yar nan?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ki rubuta ni ce nake son sa."

Ziyara ta gaba shugabar ce ta je da kanta. Da yamma wayar Auta ta yi ƙara:

"Shugabarki ta zo. Na tambaya ina kike, ta ce kin cire hannu don kina son wani mai nema. Na ce wane ne? Ta ce, kai da wannan kan kake neman tallafi? Alƙaliyata, tun ranar gilashi nake danne bakina don kada in jawo miki kora. Ki ba ni izini in zo gaida Baba."

Ya zo, ya durƙusa, ya yi bayanin aikinsa. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Wa ke biyan ka?"

"Ɗan albashin koyarwa ne, Baba. In tallafin ya fito, aikin zai tsaya da ƙafarsa."

"In ya fito, ka dawo."

Aka koma jira. Yanzu babu dokar ofis, sai ta Baba, kuma ita ta fi tsauri. Auta ta rame. Ko ta wuce ɗakin taron kwamiti ba ta ɗaga kai.

Tallafin bai fito ba. Kwamiti ya ce tunanin yana da kyau, amma ya ƙaro hujja ya sake nema baɗi. Auta ta shige ɗaki ta yi kukanta. Tana ciki ta ji sallamarsa a tsakar gida.

"Baba, na zo in faɗa maka ban samu ba. Ban so ka ji a bakin wani."

"To yanzu sai me? Ka bar gilashin?"

"A'a, Baba. Daga can nake, na ba ƙwayoyin abincinsu. Zan sake nema. Amma ba zan ce Auta ta jira ni ba, ba ni da wannan hurumin."

Baba ya gyara zama.

"Na yi tuƙi shekara da shekaru," ya ce. "Direban da ya yi ɓarin kaya ya zo da ƙafarsa ya faɗa, shi ake sake ba wa makulli. Ka turo manyanka. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ka abin da kake nema."

Auta ta toshe bakinta da mayafi a bayan labule.

Manya suka zo, aka sa rana kusa. Ana ta shiri Gwaggo ta shigo tana tafa hannu.

"Yaya, wannan wace irin gaggawa ce? A ɗaga bikin nan mana, sai baɗi in ya samu!"

Baba bai ko juyo ba.

"Ba zan ɗaga ba."