Muryar Umma a Cikin Bututu

Magariba ta gabato, Umma ta aike ni lungun bayan kicin in rage babban makunnin ruwa.

Tun da aka sauya bututun layinmu ruwa ya yi wa gidanmu ƙarfi. Ka buɗe famfo, ya fizge kofi daga hannunka. Ka rufe, bango ya amsa gum! gum! Wani lokacin har da gurnani. Gurnanin kuwa ni aka ɗora wa. A gida Aku ake kirana, don babu muryar da ba na ɗauka. In na yi tarin Kaka, Yaya da gudu yake kawo ruwa.

Mai gyaran famfo ya zo ranar da safe. Ya dudduba, ya ce da muryarsa ta hanci, "Hajiya, ruwan ya fi ƙarfin bututunku. Kafin in kawo abin rage masa ƙarfi, kullum da yamma a mayar da makunni rabi. In aka sake shi duka, tankin ruwan zafin banɗaki ba zai kai labari ba."

Sai ya kara kunne a bango. Ya daɗe.

"Wa ke magana a nan?"

"Aku ce," in ji Umma, ko juyowa ba ta yi ba.

Ya kalle ni. Bakina a rufe yake. Ya tattara kayansa, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Lungun warin tsatsa yake da gansakuka. Na tsuguna, na kama makunnin, ƙarfen sanyi ƙalau, yana rawa a tafina. Ta tagar banɗaki ina jin Kaka tana wanka, tana 'yar waƙarta, tankin na rataye saman kanta.

Bututun ya yi gurnani. Hali zanen dutse, na mayar masa da irinsa.

Ya yi shiru.

"Aku." Muryar Umma, ƙasa-ƙasa. "Sake shi duka. Kaka ta ce ruwa ba ya zuwa."

Na waiga. Ba kowa. Ga shi kuma ina jin ruwa na zuba shaa a banɗaki. Na ce a raina Yaya ne, ramuwa yake nema.

"Yaya, ka makara, sana'ar nan da mai ita."

"Sake shi duka, 'yar albarka."

Umma ba ta taɓa ce mini 'yar albarka ina tsugune kan aiki ba, sai dai "mai bakin tsiya". Na kasa kunne irin na masu kwaikwayo. Kowace murya tana da inda take jan numfashi, can muke fara kamawa. Umma kafin ta kira sunana sai ta ja iska ta hanci.

Wannan ba ta jan komai. Maganar zuba kawai take yi.

Kuma daga ƙarƙashin hannuna take fitowa.

Na murɗa makunnin don in rufe. Ya ƙi. Sai ya fara juyawa da kansa, a hankali, ta wajen buɗewa. Na sa hannu biyu. Fatar tafina ta soma salewa.

Gum! Gum! Bangon banɗaki.

"Umma! Yaya! Ku fito da Kaka!"

Daga kicin Umma ta amsa, ta gaskiyar, da jan iskarta: "Aku, wallahi in na fito miki!"

Bututun ya ƙyalƙyale da dariya.

Dariyata ce.

Tankin ya fara kuka, siriri. Kaka na waƙarta.

Na toshe hanci da kafaɗa, na buɗe maƙogwaro, na ɗauko muryar mai gyaran famfo ɗungurungum.

"Hajiya! Fito da tsohuwa, tanki zai fashe!"

Na ji cokali ya faɗi. Gudu. Ƙofa. Kaka na faɗa, "Ku bar ni, da sabulu a idona!"

Sai ƙara.

Tururi ya fito ta taga. Makunnin ya saki, na faɗi da baya cikin kwatami. Kafin in tashi, wani abu ya hura mini sanyi a kunne, ya ja iska ta hanci, sak irin na Umma.

Ya koya.

Kaka ko ƙwarzane ba ta yi ba. Washegari mai gyaran ya ɗaura abin rage ƙarfin, bai yarda ya shiga lungun shi kaɗai ba. Bangon ya daina bugu. Ni ma na daina kwaikwayo, har Yaya na cewa an yi wa Aku aski a harshe.

Jiya muna zaune, ina tsefe wa Umma kai, dariyata ta tashi daga kicin.

"Aku, bari mana," in ji Umma.

Sai ta ji yatsuna a cikin gashinta.