Linzamin Da Aka Rataye A Shinge

Ƙarfe ɗaya saura na ranar Alhamis aka bugo waya caji ofis ɗin garin Hanga Roa, aka ce ga Koro Timoteo can kwance a bakin titin Anakena, kuma ba barci yake ba.

Sufeto Lazaro Tepihe ya kife littafin da yake karantawa, ya ɗauki hula. A tsibirin Rapa Nui aikin ɗan sanda bai wuce raba mashaya da korar dawaki daga filin ƙwallo ba, sai kuma baƙi 'yan yawon buɗe ido masu hawa inda aka ce kada a hau don su ɗauki hoto. Gawa a titi kuwa, rabonsa da gani shekara shida.

Saja Brunilda Pate ce ta tuƙa. Ta girme shi da shekara biyu, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

Sun sami tsohon makiyayin dawakin a kan ciyawa, bayan dajin itatuwan turare. Yana rigingine, ƙafafunsa a miƙe, hularsa ta kaba a kan fuska. Taku goma daga nan, fasasshen gilashin fitilar mota ya warwatsu a kwalta. Dokinsa na gefe yana kiwo abinsa.

"Baƙo ne," in ji Saja. "Su ke gudu a nan, sai ka ce gumakan dutsen da suke zuwa kallo za su tashi su tafi kafin su iso."

Lazaro ya matsa gefen titi. Shingen waya yake kallo. An rataye linzami a jikinsa, an naɗe igiyar tsaf. Sirdin kuma an sauke an kife shi a ƙasa.

"Wa ya kwance wa dokin?"

"Wataƙila Koro da kansa."

"Da karyayyen wuya? Wanda ya bugo waya fa?"

"Direban bas ne. Ya ce ko sauka bai yi ba."

Lazaro ya shafa igiyar. Dokin da aka bari da linzami, igiya na jan ƙasa, taka ta zai yi ya yage bakinsa. Wanda ya tashi cikin dawaki ya san haka, hannunsa ma kan yi aikin kafin kansa ya yi tunani. Baƙon da ya sauka daga jirgi shekaranjiya ko kusa da dokin ba zai je ba.

Kafin ƙarfe uku an gano motar. Tsibirin da za a kewaye shi a wuni guda ba wurin ɓoye mota ba ne. Farar jif ce, fitilar dama a fashe, tana tsaye a farfajiyar Dago Riroroko mai ba da hayar motoci.

Dago yayan Rufina ne, matar Lazaro da ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Tun daga lokacin, kowace Lahadi a gidan Dago yake cin kifin da aka gasa a kan duwatsu masu zafi. Nan ne kaɗai ba a taɓa ce masa ya ƙara aure ba, ba a kuma taɓa ce masa ta huta ba. Sauran ranaku shida, da littafi yake cin abinci.

"Taina!" in ji Dago. Haka suke kiran juna, ɗan'uwa. "Ka zo da Saja, ashe yau ba za a sha shayi cikin lumana ba."

"Wa ya hayi wannan?"

"Wata dattijuwa 'yar Santiyago. Ƙarfe biyu ta dawo da ita, wai ba ta san abin da ya sami fitilar ba. Haka dukkansu suke cewa. Yau doki ne, gobe iska."

"Kai kana ina da safe?"

"Nan mana, ina zan je? Watan biki ne. Mota takwas duk suna hannun baƙi, har tawa ta hawa. Keke nake tuƙawa kamar ɗan makaranta. Saja, dubi cinyoyina."

"Na ga na kaza sun fi su," in ji Saja.

Lazaro ya shiga rumfar da Dago ke kira ofis. A bango akwai allo mai ƙusa takwas. Kowace mota makullinta biyu: na baƙo, mai ɗan katako da aka rubuta lamba, da na ajiya da ke zama a ƙusa. Jif ɗin ita ce lamba bakwai, kuma ta dawo. Amma makulli ɗaya ne a ƙusarta, marar katako.

"Ina ɗayan?"

"Ya ɓace tun bara." Dago ya sunkuya yana goge hannu da tsumma. "Lahadi dai tana nan ko? Matata Marta ta samo kifin tuna mai kyau."

Sai da suka fito Lazaro ya lura cewa Dago bai ambaci Koro Timoteo ba ko sau ɗaya. Alhali tsohon nan ne ya fara ɗora Dago a kan doki.

Baƙuwar sunanta Eulalia Zambrano, tsohuwar mai haɗa magani ce, shekararta sittin da uku. Sai da ta zare sakata ta murɗa makulli kafin ta buɗe musu ƙofar ɗakinta a masauki, ta zauna da jaka a cinya. Gobe ƙarfe biyu jirginta zai tashi.

"Ina kika je da safe, Senyora?"

"Bakin teku. Anakena."

Saja ta rubuta da sauri. Titin Anakena ta kan gawar ya bi.

Lazaro ya dubi takalman da ke bayan ƙofa.

"Yashin Anakena fari ne, Senyora, kuma yakan bi mutum har gadonsa kwana uku. Wannan jar laka ce, ta dutsen Terevaka. An kaɗe mutum ya mutu a titin Anakena, da motar da kika haya. Ƙaryarki ce ta kai ki wurin. In kika tsaya a kanta, jirgin gobe zai tashi ba ke."

Ta rungume jakar. Da ta buɗe ta, wani ƙaramin gwangwani ta fito da shi, babu komai a ciki.

"Mijina ne. Hernan. Ya yi wasiyya a ƙona gawarsa. Shekara talatin yana karanta littattafan tsibirin nan, kullum sai baɗi za mu zo. Na hau dutsen na watsa tokarsa. An ce mini hukumar gandun daji ta hana."

"Ni ba ma'aikacin gandu ba ne," in ji Lazaro. "Yaushe kika bar motar?"

"Tara da rabi, a gindin dutsen. Na sauko sha biyu da rabi."

"Kin kulle ta?"

"Sufeto, ni 'yar Santiyago ce. Da firij na da makulli da na kulle shi." Sai muryarta ta yi ƙasa. "Haka dai na zata. Da na sauko na same ta a buɗe, gilashi a sauke, makulli a jiki. Na zauna a ciki na yi ta kuka. Da mance makulli ciwon Hernan ya fara."

"Wace riga kika sa kika hau?"

Ta nuna wata rigar ruwa a rataye.

"Duba aljihun ciki."

Ta zuge zif ɗin, ta sa hannu, ta fito da makulli mai ɗan katako. An rubuta bakwai a jikinsa.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe na kulle."

"Kin kulle, Senyora. Kanki lafiya lau. Wani ne ya ɗauki motar da makullin ajiya kina kan dutse, ya dawo da ita ya bar shi a jiki. Shi kika ɗauka naki ne, shi kika mayar. Mu nan ba ma zare makulli. Wa zai saci mota, ya kai ta ina?"

A hanyar Terevaka, da suka bar gari, Saja ta ɗauko maganar.

"Lazaro, alƙali haɗari zai kira shi. Matar nan in ta sha wahala na wata biyu ne, ta koma inda ba wanda ya san Koro. Dago kuwa a nan jikokinsa za su girma, suna haɗuwa da jikokin Koro a coci."

"Ta zo ta sauke gawa ɗaya, mu ɗora mata wata ta tafi da ita?"

"Ni dai na faɗa. Kai za ka ci abinci kai kaɗai, ba ni ba."

A gindin dutsen, tsohuwa Nua Petronila na zaune a inuwa tana fere abarba, kamar yadda take yi tun kafin a shimfiɗa kwalta.

"Nua, kin ga wanda ya ɗauki farar jif da safe?"

"Ni? Idona ya mutu, ɗana. Ko kai da murya na gane ka."

"Tun daga kwana kika hango motarmu kika tura kwalbarki ƙarƙashin buhu."

"Magani ne."

"Allah ya ba da lafiya. Keken wa aka jingina a bishiyar gwaban nan? Ga sawun tayarsa."

"Kekuna ai kama suke."

"Nua."

Ta soka wuƙar a jikin abarba ta bar ta.

"Kullum yana dawo da ita kafin su sauko. Shekara nawa yana yi, ba wanda ya taɓa cutuwa. Uwarka da tana raye da ta ce ka bar maganar nan."

"Da ta ce," in ji Lazaro.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka koma farfajiyar. Dago na zaune a kan kifaffen bokiti, bai taɓa fitilar ba. Lazaro ya ce Saja ta jira a mota. Ya shiga rumfar, ya rataye makulli mai katako a ƙusa ta bakwai, kusa da ɗan'uwansa, ya fito.

"Na samo maka wanda ya ɓace bara."

Dago ya dubi allon ta ƙofa. Bai yi musu ba.

"Na bar shi a jiki ko?"

"Ka bar shi."

"Sai da ta miƙo mini shi na gane." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ka san baƙin nan, taina. Suna zuwa wai su sake, amma agogo bai kai su bin ƙa'ida ba. Asuba suna wurin gumaka suna jiran rana, hantsi su hau Terevaka, azahar teku. Duk wanda ya hau dutsen nan awa uku ne, ko saurayi ko tsohuwa. Mota na tsaye a banza, ni kuwa goɗiyata ta haihu a gona, ba ruwa. Jarka huɗu kawai zan kai in dawo."

"Sai ka makara."

"Na tsaya kallon ɗan dukushin. Da na duba lokaci sai na taka mota. Ya fito daga cikin gwaba yana jan doki. Ko ihu bai yi ba." Dago ya murza fuskarsa. "Na ɗauke shi daga kwalta. Ya riga ya tafi. Na rufe masa fuska."

"Ka kwance wa dokin."

"Na kwance?" Ya ɗago da mamaki na gaske. "Wallahi ban tuna ba. Shi ya koya mini. Ya ce ko gidanka ke ci da wuta, kada ka bar doki da linzami."

"Ka tausaya wa doki, Dago. Matar fa? Da ka bari an tsare ta?"

"Na ce baƙuwa ce, za ta tafi. Kullum tafiya suke. Da Rufina na nan da me za ta ce?"

"Kada ka sa ta a ciki."

Dago ya tashi, ya kakkaɓe wando. Lazaro bai fito da ankwa ba. Teku ya kewaye su ta ko'ina, kuma dukkansu sun sani.

A bakin motar 'yan sanda Dago ya tsaya.

"Kifin nan na firij. Kada ya lalace."

"Marta ba za ta buɗe mini ƙofa ba."

"Ƙofarmu ba ta da makulli, taina, kai ma ka sani." Ya shiga baya ya zauna, ya ja ƙofar da kansa. "Amma kada ka je."