Digiri Arba'in da Huɗu

"Kar ki taɓa!"

Lubna ta janye hannunta a firgice, har jakarta ta faɗi. Saurayin da ya daka mata tsawar ya taso daga bayan na'urorin awo yana zaro ido.

"Hannu tsirara za ki ɗauki ƙwayar silikon? Lantarkin jikinki kaɗai na iya kashe ta."

"To ai ba sai ka tara mini jama'a ba, Malam."

"Junaidu nike. Ni ka kula da ɗakin gwajin ga. Ki yi haƙuri, tsoro ya sa."

Ya miƙo mata igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu don zubar da lantarkin jiki, kansa a ƙasa. Ita kuwa, wayyo, ta kasa ɗaurawa sai a karo na uku.

Lubna digiri na biyu take yi a fannin lantarki. Aikinta 'yar da'ira ce a kan ƙwayar silikon da ba ta kai farcen jariri ba. Saƙo yana gudu cikin wayar sadarwa, biliyoyin sifili da ɗaya a daƙiƙa guda, ba tare da agogon da zai nuna lokacin karanta kowanne ba. Da'irarta ce za ta tsamo bugun agogon daga cikin saƙon kansa, ba jinkiri, kuma ba shan wuta da yawa.

Wata shida suna aiki tebur ɗaya. Ya koma kiranta Injiniyata, ita tana ce masa Sarkin Tsawa. Ranar da aka aika zanenta masana'anta a ƙasar waje ya turo mata saƙo:

"Injiniyata, zanenki ya tahi, sai bayan wata huɗu. Ni ba ni iya jira hakanan. In turo magabatana gidanku a Ƙofar Dundaye?"

Ta karanta sau bakwai kafin ta rubuta: "Turo."

Mahaifinta, Malam Abdulshakur, tsohon alƙali ne, bai yi murna ba. Bai san dangin yaron a Tudun Wada ba, ga kuma Habibu ɗan ƙanensa da ya gama gini a Arkilla yana ta zaryar neman aurenta.

"Ba ni aurar da ke sai kin ƙare karatu," ya ce. "In kin ƙare bana, in duba maganar yaron ga. In ta wuce bana, ba ni iya ci gaba da ba ɗan'uwana haƙuri."

Lubna ta san ba za ta iya kallon idonsa ta ce a'a ba. Ta riƙe bana da hannu biyu.

Ƙwayar ta iso a watan Afrilu. Junaidu ya jona ta, hoton da injiniyoyi ke kira ido ya bayyana a allon awo, a buɗe tangaran, alamar saƙo na fita daidai. Wutar da take sha ba ta kai rabin ta sauran da'irori irinta ba. Lubna ta yi ta hamdala tana share hawaye da gefen hijabi.

Kwana uku bayan haka, da azahar, na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya. Zafin Sakkwato ya shigo da ƙarfinsa. Suna tsaye suna kallo idon ya fara ƙanƙancewa, ya yi rawa, ya rufe ruf.

"Innalillahi! Mi ya faru?" in ji Lubna.

Junaidu ya dubi ma'aunin zafi. Digiri arba'in da huɗu.

"Lubna, a wane zahi kika gwada zanen cikin kwamfuta?"

Nan take ta tuna. Ashirin da bakwai, lambar da manhajar ke zuwa da ita, ba ta taɓa sauya ta ba. Kuma don rage shan wuta, da hannunta ta cire sashen da ke daidaita agogon idan zafi ya tashi. Ita da aka haifa a garin nan!

Gyara yana nufin sabon zane, sabon jira, shekara guda cur. Rahoton awo kuwa Junaidu ne zai sa masa hannu.

Da la'asar ta rubuta masa: "Sarkina, ka sa awon cikin sanyi kaɗai. Ba ƙarya ba ce, ai ta yi aiki. Ka tuna maganar Baba."

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"Hasken idona, na tuna, tun ɗazu ban iya haɗiye ko ruwa ba. Amma wani zai ɗauki zanen ga ya yi aiki da shi bisa sa hannuna. Zan rubuta duka biyun. Ki gafarce ni."

Ta kife wayar. Mako biyu ba ta ɗaga kiransa ba. Kwamitin jarrabawa ya ɗage kammalawarta zuwa baɗi.

Habibu ne ya kawo labarin gida, har da kwafin rahoton. "Baffa, ka gani? Wanda ke cewa yana sonta, shi yak kayar da ita!"

Malam ya sa tabarau ya karanta shafuka biyar na rahoton, sannan ya aika a kira Junaidu. Ya zo ya durƙusa a zaure, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Lubna na tsaye bayan labule.

"Kai ka rubuta wanga?"

"Ni ne, Baba."

"Ka san sharaɗin da na gindaya?"

"Na sani."

"Ba wanda yac ce maka ka ɓoye?"

Junaidu ya sunkuyar da kai. Malam ya maimaita tambayar, Junaidu bai ɗago ba.

"Ni ce, Baba!" Muryar Lubna ta fito daga bayan labule. "Ni na roƙe shi, ya ƙiya. Kuskuren nawa ne, ba nashi ba."

Habibu ya buɗe baki ya kasa rufewa. Malam ya cire tabarau ya dubi Junaidu.

"Shekara ashirin da shida ina shari'a, ban cika ganin mai ba da shaidar da za ta cuci shi kansa ba. Kuma an tambaye ka, ka ƙi tona ta." Ya juya. "Habibu, ka yi haƙuri, da kaina zan je wurin mahaifinka. Lubna, har yanzu kina son shi?"

Kuka ya hana ta magana, sai labulen da ya motsa da gyaɗa kanta.

"To kowa shi ji. Na janye sharaɗina. Ta gyara aikinta a ɗakin mijinta. Junaidu, ka hwaɗa wa magabatanka, Juma'a ta sama bayan an sauko masallaci za a ɗaura. Allah shi yi muku albarka!"